Sikelin da Na Ajiye a Gaban Baffanku

Wani ɗan sauti na ji daga gareji, tsararar, kamar ana zuba tsakin gero a kwanon sha. Ina kicin a lokacin ina neman tandar wainata, wadda na riƙo tun daga Kano cikin jakar hannu don kada ta lotse. Na buɗe ƙofar gareji, sai ga Abbanku a tsugune, tandar a gabansa, yana zuba wasu ƙananan ƙusoshi masu ƙyalli a ciki, kowane gurbi da irin nasa. A bayansa akwai wani dogon akwatin katako da babbar mota ta sauke mana a ranar, wanda na ɗauka kayan gyaran gida ne.

"Injiniya, tandata ce fa."

"Ara min ita, Rabi. Kin ga kamar don wannan aikin aka ƙera ta."

"Wane aikin?"

"Jirgi."

Na yi dariya har da riƙe ƙofa. Shi bai yi ba.

Usman, Nafisa, Jidda, na san abin da kuka sha ji duk lokacin da kuka je gida. An ce muku uwarku ta ɗora Baffanku Alhaji Mamman a kan sikeli kamar ragon layya, an ce ita ta hana mahaifinku kai wa mutanensa taimako. Kun yi min kara, ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, zan faɗa muku yadda aka yi, domin gara ku ji daga bakin wadda ta yi abin.

Garinsu Abbanku kun san shi, can bayan Haɗeja cikin fadama. Idan damina ta nutsa ruwa yakan yanke hanya, mota ba ta shiga ba ta fita. A irin wannan lokaci ne naƙuda ta zo wa ƙanwarsa Zuwaira da gardama. Aka ɗora ta a amalanken shanu, daga nan aka sa ta a kwalekwale, ba ta kai asibiti ba. Labarin ya same shi a waya yana cikin cunkoson hanyar 95, yana dawowa gidanmu na Woodbridge daga aiki, a nan Amurka. Ya ce min abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ɗaga kai ya ga jirage suna ta wucewa a sama, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba komai ba. Tun daga nan ya shiga koyon tuƙin jirgin sama a ƙarshen mako har ya karɓi lasin. Burinsa ya haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu da hannunsa, ya san kowane lungu nasa yadda zai iya gyara shi a inda babu makaniki, sannan ya cire fukafukan ya sa a kwantena ya kai gida. Akwai wani fako a bayan gari da ruwa ba ya hawa, nan zai riƙa sauka.

Kada ku ce na ƙi jirgin nan. Da hannuna aka haɗa shi. Ƙusoshin ba sa kamawa sai da mutum biyu: shi yana waje da bindigar bugu, wani yana ciki ya danne bayan ƙusar da dunƙulen ƙarfe. Ku kuna makaranta, don haka ni ce ta ciki. Nakan ɗaure ɗankwalina, in toshe kunne, in zura hannu cikin fuffuke har kafaɗa. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, in amsa masa da ƙwanƙwasa, sai ya buga. Kowace ƙusa da bisimillata. Shekaru muka yi a haka, motarmu tana kwana a waje cikin ƙanƙara, maƙwabta suna leƙe. Ranar da ya fara tashi da shi daga wani ƙaramin filin ciyawa da ke kudu da mu, ina tsaye a bakin shinge ina jan carbi. Da ya sauka na yi sujada a kan ciyawar nan, ban damu da Turawan da ke kallo ba.

A filin akwai wani tsohon Bature da ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa ƙananan jirage a dajin Alaska. Yana son cincin ɗina, nakan kai masa. Da ya ji niyyar Abbanku bai yi masa dariya ba, sai dai ya riƙa jefa masa tambaya duk ranar da suka haɗu. Wa zai gaya maka hadari ya taso a gabanka? Ina za ka sami mai mai kyau? In inji ya tsaya ka sauka a daji, wa ya san inda kake? Abbanku yakan dawo gida da tambayar, ya yi mako yana juya ta, ya koma da amsa. Man 'yan bumburutu ba zai shiga tankinsa ba, zai ajiye nasa duro ya tace da kansa. Ba zai tashi ba sai da sassafe kafin hadari ya haɗu. Zai sa yara su kori awaki daga fakon. Zai bar wa mutum biyu sanin hanyar da zai bi. Ina jinsu, kuma hankalina yana kwanciya, don na san mijina ba ya wasa da ƙarfe.

Abin da tsohon ya fi nanatawa shi ne nauyi. Abbanku da kansa ya zaunar da ni ya yi min bayani: idan rana ta yi zafi iska takan yi laushi, fuffuke ba ya samun abin kamawa, jirgin da ya tashi lafiya da safe sai ya ƙi ɗagawa da azahar in an ƙara masa kaya kaɗan. Saboda haka ya sayi sikeli ya ajiye a rumfar jirgin, ya kafa doka cewa ba mai hawa sai ya taka shi. Abokinsa likita da ke Lanham ya taka yana mita, wai shi da yake auna mutane yau shi ake aunawa. Ni ma ban tsira ba.

"To juya bayanka," na ce.

"In na juya wa zai karanta?"

"Zan faɗa maka."

"Hajiya, a kan komai na yarda da maganarki. Ban da wannan."

Amma akwai abin da tsohon Alaska bai san shi ba, don haka bai taɓa tambaya ba. Ni na san shi. Mahaifinku ba ya iya ce wa babba a'a. Duk zuwan da muka yi gida, ranar dawowa tsakar gida takan cika da tsaraba: kuka, daddawa, man shanu a galan, gero a buhu. Mutumin da zai tsaya ya yi musu da shugabansa a wurin aiki, sai ka gan shi ya durƙusa yana "an gode, an gode", yana karɓar abin da ya san ba shi da inda zai sa. Turmin nan da kuka tashi kuna gani a bayan gida, wata gwaggonsa ce ta ba shi, ya ɗauko shi tun daga fadama har Virginia saboda ya kasa cewa ya yi nauyi. Ina kallon wannan hali nasa ina son shi a kansa, don shi ne tarbiyyarsa. Ban taɓa haɗa shi da jirgi a raina ba, sai shekarar da Baffanku ya zo.

Alhaji Mamman ba wa ba ne kawai. Shi ya riƙe Abbanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya gama jami'a. In yana zaune a kujera, Abbanku a kan kafet yake zama, da furfurarsa da komai. Ya zo ne a duba masa gwiwa, cikin watan Agusta, lokacin da zafin nan yake kama mutum kamar an rufe shi da jiƙaƙƙen bargo. Zancen kwantena ya riga ya nuna. Baffanku ya ba mu labari da murna cewa ya sa matasa sun share fakon, sun cire ƙaya da kututture, har mai gari ya zo ya gani. Ku tuna Baffanku a wancan lokaci: dogo ne, ƙaƙƙarfa, in ya shigo ƙofa sai ta cika.

Wata ranar Asabar muka tafi filin bayan azahar, tare da ke, Jidda, da wasu 'yan uwa biyu da suka zo gaishe shi. Shirin shi ne Abbanku ya tashi shi kaɗai ya zaga Baffa ya gani, shi ya sa tun da safe ya zo ya cika tankunan fal. Aka turo jirgin waje. Baffanku ya zaga shi yana shafa fuffuke, idonsa ya kawo ruwa, ya ambaci Zuwaira. Sai ya tattare hannun babbar rigarsa.

"To, ƙanena, ɗauke ni mu gani. In na koma in ce musu na hau da kaina."

Na dubi Abbanku. Na ga ya dubi bishiyoyin da ke ƙarshen filin, ya dubi tutar iska da ta rataye ko motsi ba ta yi. Ya san lissafin, ya fi kowa saninsa. Sai na ji ya ce, "To, Yaya." Ya juya kamar zai ɗauko wani abu a rumfa, ya sa ƙafa ya tura sikelin ƙarƙashin teburin kayan aiki, a hankali, yadda ba wanda zai lura. Ni na lura.

Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da Alhaji Mamman ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu ina durƙushe. Na ce a raina, ya Allah, Kai Ka rubuta ajali, kuma Kai Ka ba mu ido. Na shiga rumfar, na sunkuya na jawo sikelin, na rungume shi na fito. Na ajiye shi a kan ciyawa gaban Baffanku, na durƙusa.

"Yaya, a gafarce ni. Dokar jirgin nan ce, kowa sai ya taka. Ni ma na taka."

Baffanku bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

"Mene ne wannan?"

"Rabi, ɗauke," in ji Abbanku, murya ƙasa ƙasa.

"Ba zan ɗauke ba, Injiniya. Tanki a cike yake, ga rana. Kai ka koya min."

"Ikon Allah," in ji Baffanku. "Rago ne ni da za a auna? Ko buhun masara? Na goya yaron nan a bayana na tsallake ruwa da shi, ban auna shi ba."

"Haka ne, Yaya."

"In kwana ya ƙare, sikelinki ne zai ƙara shi?"

"A'a, Yaya."

"To matsa."

Ban matsa ba. Kaina a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan mayafina, amma ina nan tsakaninsa da ƙofar jirgin. Sai Baffanku ya saki hannun rigarsa ya nufi mota. To kun ji. Ban auna Baffanku ba, bai taka sikelin ba, kuma bai hau jirgin ba. Muka kama hanya muka dawo Woodbridge. Washegari ya tattara kayansa ya koma gidan wani ɗan garinsu a Laurel, can ya ƙarasa kwanakin ziyararsa.

Abbanku bai taɓa ɗaga min murya ba sai a wannan makon. Ya ce na zubar masa da mutunci a gaban wanda ya zame masa uba. Ya ce da na bari, da ya san dabarar da zai yi. Na bar shi ya gama, na zuba masa shayi, sannan na zauna.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka ce min lissafin ya yi, yanzu in sa mayafi in tafi Laurel in kama ƙafarsa."

Ya kawar da kai, na sake tambayarsa.

"Da kun wuce bishiyoyin nan?"

"Mai yiwuwa."

"Mai yiwuwa," na maimaita. "Da wannan za ka bar ni da yara uku?"

Daga nan ne na faɗa masa abin da na kwana biyu ina istihara a kansa. Na ce ban yarda jirgin nan ya tafi gida ba. A nan Yaya ɗaya ne, kuma ina kusa. A can gari guda ne. Za a kawo maka mai naƙuda, uwarta ta ce ba za ta bar 'yarta ta tafi ita kaɗai ba, za ta ɗora ta a cinya. Za a kawo maka dattijon da ya yi maka huɗuba ranar suna, da jakarsa da butarsa da ƙullin furarsa. Mai gari zai ce ka ɗan rage masa hanya. Rana ta take, fako gajere, kowa yana kallonka, wa za ka iya ce wa sauka? Duk abin da tsohon Alaska ya tambaye ka ka samo amsarsa, wannan fa? Ya ce to in bi shi in riƙe sikelin. Na ce ni mace ce, baƙuwa a garinku, yau ɗaya da na yi ga abin da ya jawo, kuma ba kullum zan kasance a bakin fako ba. Maganar dole daga bakinka za ta fito.

"Ga waya," na ce. "Kira Yaya. Ka gaya masa da bakinka cewa ranar nan jirgin ba zai ɗauke ku ba, kuma kai ya kamata ka faɗa. In ka iya, wallahi ni zan naɗe fukafukan da bargunana a sa a kwantena."

Ya ɗauki kwanaki kafin ya kira. Ranar wata Lahadi ce da hantsi, Baffanku ya riga ya koma gida. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa. Na ji ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa ko ya fara janyewa. Ya yi gyaran murya, na ɗaga kai. Ya ce, "Yaya, dama..." Sai ya tsaya. Ya ce dama a gaida mutan gida. Ya ajiye wayar a kan cinyarsa ya daɗe yana kallonta. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, don na ga namiji ya ga iyakar kansa. A cikin makon ya soke kwantenar da kansa.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ƙaya ta sake tsirowa a fakon. Damina ta gaba matar wani ɗan baffansu ta rasu a hanyar asibiti, kusan yadda Zuwaira ta tafi. Aka aiko da saƙo a bakin wata mai zuwa, wai a gaya wa matar Injiniya. An gaya min. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, na yi wa baiwar Allahn nan addu'a, har yau tana cikin addu'ata. Ba ni da wata shaida da zan nuna muku cewa da jirgin ya je da ya faɗi. Mai yiwuwa da ya ɗauko ta ta rayu. Wannan nauyin ni nake ɗauke da shi, kuma na karɓa. Abin da na gani da idona shi ne ƙafar mijina tana tura sikeli ƙarƙashin tebur, kuma da za a mayar da ni bakin rumfar nan sau nawa, zan sunkuya in jawo shi. Kwalekwale mai inji da Abbanku ya haɗa kan 'yan garinsu suka saya daga baya, kun san labarinsa, ba nan ne wurinsa ba. Jirgin kuwa ya ci gaba da tashi da shi a sararin Virginia har idonsa ya fara rauni.

Babbar Sallar da ta biyo baya, mun dawo daga idi, gida ya cika da ƙamshin suya, Abbanku ya kira gida kamar yadda aka saba. Baffanku ya yi barka da shi, ya yi da Usman, ya yi da Nafisa, ya tsokani Jidda yana ce mata Baturiya. Aka miƙo min wayar, na durƙusa kamar yana gabana, na ce, "Yaya, barka da Sallah, an yi Sallah lafiya?" Na ji numfashinsa. Sai ya ce a ba shi Usman. Na miƙa, na tashi na koma kicin, na tsaya gaban kasko ina juya nama ba tare da ina ganinsa ba. Ke Jidda kina aji uku a lokacin, duk abin da aka faɗa miki da Hausa da Turanci kike amsawa. Kika biyo ni, kika tsaya kina kallona, kika ja bakin zanena. Na ga kina harhaɗa kalmomin a bakinki ɗaya bayan ɗaya kafin ki sake su.

"Umma, bari kuka. Baffa yana fushi a gidansa. Abba yana cin nama a falo. Duka biyu suna nan."